Su Wa Za Su Dawo? Tambayoyi Kan Raɗe-raɗin Jaruman Fina-finan Tolkien

Me ya sa ake ta cacar baki duk lokacin da aka ce za a yi sabon fim daga littattafan marubuci J.R.R. Tolkien?

Saboda sabo. Wanda ya kalli The Lord of the Rings guda uku, na 2001 da 2002 da 2003, idan aka ce masa Gandalf, fuskar Ian McKellen ce ke faɗo masa, da doguwar hula da farin gemu. Shi ya sa da aka fara shirin The Hobbit, wanda labarinsa ya riga wancan da shekara 60, masoya suka duƙufa lissafin wa zai dawo, wa za a sauya. An daɗe ana jira kuwa, har Guillermo del Toro ya ajiye aikin darakta a 2010, Peter Jackson, daraktan fina-finai ukun farko, ya sake karɓa.

Hasashen nasu ya tabbata?

Mafi yawansa. McKellen ya dawo, Andy Serkis ya koma Gollum, Hugo Weaving ya koma Elrond. Waɗannan suna cikin littafin The Hobbit na 1937, kujerarsu na jiransu. Amma Cate Blanchett, Christopher Lee, Orlando Bloom da Elijah Wood duk sun fito, alhali Galadriel, Saruman, Legolas da Frodo ba sa cikin littafin. An buɗe musu ƙofa ne.

Ta Christopher Lee ce ke taɓa min zuciya. An haife shi a 1922, tafiya New Zealand ta yi masa nisa, sai aka ɗauki fitowarsa a Ingila aka haɗa da ta sauran. Ya rasu a 2015, 'yan watanni bayan fim ɗin The Hobbit na ƙarshe.

To ina matsalar, tunda masoya sun samu abin da suke so?

Matsalar shekaru ce. Labari yana komawa baya, jikin ɗan Adam yana gaba. Legolas na The Hobbit ya kamata ya fi na baya ƙuruciya, amma Bloom ya ƙara sama da shekara 10. Duk gyaran kwamfuta, mai ido ya ga fuskar ta ƙara cika, ta kuma yi wani sulɓi da ba na halitta ba. Ni a ganina cusa shi aka yi, kuma tsalle-tsallensa sun cinye lokacin da ya dace a ba Bilbo, mai labarin.

Ko McKellen bai sha da daɗi ba. Domin ya fi wadannin da ke tafiya da Bilbo tsawo a hoto, an tsayar da shi shi kaɗai gaban koren ƙyalle, yana magana da hotunan fuskokinsu. Da bakinsa ya faɗi cewa abin ya sa shi hawaye.

Akwai wanda ya ce a'a?

Viggo Mortensen, wanda ya fito a matsayin Aragorn a The Lord of the Rings. Ya ba da labarin cewa an tuntuɓe shi, ya tunatar da su cewa Aragorn ba ya cikin The Hobbit. Gaskiyarsa. A lissafin littattafan, Aragorn yaro ne ɗan shekara 10 a lokacin. Na fi girmama wannan amsar fiye da dawowar wasu.

Sauya jarumi ba cin amanar masoya ba ne?

A'a. Martin Freeman ya karɓi Bilbo na ƙuruciya, Ian Holm ya riƙe na tsufa, kuma Freeman na cikin abubuwan da aka fi yabawa a fina-finan.

Yanzu kuma me ake jira?

The Hunt for Gollum, wanda kamfanin Warner Bros. ya sanar a 2024, Serkis ne darakta kuma shi ne Gollum. A littafi, Gandalf ne ya sa Aragorn farautar Gollum, don haka raɗe-raɗin suka sake tashi kan mutanen nan biyu. An haifi McKellen a 1939, Mortensen a 1958. Gemun Gandalf zai iya ɓoye shekaru. Aragorn kuwa mutum ne da zai ratsa daji da fadama da ƙafa, ya kamo Gollum da hannunsa.