Lashe kyautar Oscar ba shi ne yin kasuwa ba

Mutane da yawa sun ɗauka fim ɗin da ya lashe babbar kyautar Oscar, wato ta gwarzon fim na shekara, shi ne ya fi cika gidajen sinima a shekararsa. Zaton yana da tushe. Titanic na 1997 ya kwashe kyaututtuka 11 har da babbar, ya kuma tara sama da dala biliyan 1.8 a fitowarsa ta farko.

Amma a bikin 2010 an ga akasin haka ƙarara. Avatar, wanda ya haura dala biliyan 2.7, ya sha kaye a hannun The Hurt Locker, fim kan yaƙin Iraki da cinikinsa a duniya duka bai kai dala miliyan 50 ba. Dalili kuwa shi ne masu zaɓen ba 'yan kallo ba ne. 'Yan sana'ar ne da kansu, daraktoci da 'yan wasa da marubuta da masu ɗaukar hoto, kuma ingancin aiki suke dubawa, wanda a ganina shi ne daidai. Masu shirya bikin sun san da wannan giɓi, shi ya sa a 2009 suka ƙara yawan finafinan da ke takarar babbar kyautar daga 5 zuwa 10, bayan an yi ta ƙorafin barin The Dark Knight, fim ɗin da ya yi kasuwa sosai, a waje.

Zuwan kallo ta intanet ya ƙara raba kyautar da cinikin sinima. CODA ya lashe kyautar a 2022, alhali a Apple TV+ akasarin mutane suka kalle shi. Sai Oppenheimer na 2023 ya sake haɗa kyautar da cinikin sama da dala miliyan 900.