Ma'anar "kwantirol" a wasan besbol na jami'o'in Amurka

Duk wanda ya taɓa sauraron sharhin wasan besbol na jami'o'in Amurka, musamman a makonnin farko na kakar wasa, zai ji ana maimaita kalma ɗaya cikin takaici, wato kwantirol. Za a ce ƙungiya kaza tana da samari masu ƙarfin dantse amma kwantirol ya gagare su, ko a ce wane ya fara wasa lafiya lau, sai kwantirol ya kuɓuce masa a zagaye na huɗu. Kalmar Hausa da ta fi kusa da abin da ake nufi ita ce saiti, irin wanda ake yaba wa maharbi ko yaron da ya iya danƙo. Sai dai a besbol saitin yana da iyaka tsayayya wadda ake ƙirgawa da alƙaluma, kuma ba za a fahimce shi ba sai an san inda ake son ƙwallon ta bi.

Mai jifa yana tsayawa ne a kan ɗan tudu a tsakiyar fili, tazarar ƙafa 60 da inci 6, wato kimanin mita 18 da rabi, daga wani farin faranti na roba da aka kafa a ƙasa, wanda faɗinsa inci 17 ne, kimanin santimita 43. Mai bugu yana tsaye a gefen farantin riƙe da kulkinsa, mai cafe ƙwallo yana tsugune a baya, alƙalin wasa kuma yana leƙowa ta saman kafaɗarsa. A sararin da ke saman farantin akwai wata taga da ba a zana ta ba, idon alƙali ne yake auna ta: faɗinta faɗin farantin, tsayinta kuma daga ƙasan ƙoƙon gwiwar mai bugu zuwa wajen tsakiyar ƙirjinsa. Idan ƙwallo ta ratsa tagar bai buga ba, ko ya kai mata duka ya kuskure, an ci shi sau ɗaya, kuma a ci na uku ya fita. Idan kuwa ta bauɗe wa tagar, shi kuma ya ƙi kai mata duka, laifin na mai jifa ne, kuma da zarar bauɗiya ta kai huɗu sai mai bugu ya ajiye kulkinsa ya taka zuwa tasha ta farko, ɗaya daga cikin tashoshi uku da ake zagayawa kafin a dawo faranti a ci maki, ba tare da ya taɓa ƙwallo ba. Wannan tafiya ta kyauta ita ce babban abin kunyar mai jifa. Dokar bauɗiya huɗu ta zauna tun 1889, tazarar tudun kuma tun 1893, saboda haka matsalar da ɗalibi yake fama da ita yau ita ce wadda kakannin wasan suka yi fama da ita.

Kwantirol, a taƙaice, shi ne iya sanya ƙwallo cikin wannan taga a kai a kai, duk lokacin da aka buƙata. Ana auna shi da yawan kyautar da mai jifa yake bayarwa a kowane zagaye tara, wato tsawon cikakken wasa guda. Wanda yake bayar da biyu ko ƙasa da haka ana yi masa kallon mai saiti, wanda kuma yake bayar da biyar ko shida ya zama abin fargaba ga mai horar da shi, komai gudun ƙwallonsa. Masu horarwa sukan haɗa da wasu kura-kurai biyu a cikin lissafin: jifan da ya sami jikin mai bugu, wanda shi ma kyautar tasha ce, da jifan da ya kauce har ya kuɓuce wa mai cafewa, masu gudu, wato abokan mai bugu da suka riga suka hau tashoshi, suka ƙara gaba a banza.

Akwai wata kalma da ake yawan rikita ta da wannan, wato kwamand, kuma masana wasan ba sa yarda a haɗa su. Mai kwantirol yana iya shigar da ƙwallo cikin taga. Mai kwamand yana zaɓar kusurwar tagar da yake so, ƙasa ta waje ko sama ta ciki, har ma yakan jefa ta ɗan waje da gangan domin ya ruɗi mai bugu ya kai duka a iska. Mutum yana iya samun na farko ya rasa na biyu, kuma irinsa ba ya bayar da kyauta, amma ƙwallonsa tana bin tsakiyar faranti, inda ta fi daɗin duka. Greg Maddux na ƙungiyar Atlanta shi ne misalin da aka fi kawowa na wanda ya haɗa biyun, domin a 1997 ya yi jifa a zagaye sama da 230 amma kyauta 20 kacal ya bayar, alhali ƙwallonsa ba ta cikin masu tsananin gudu.

Abin da ya sa saitin yake da wuya lissafi ne mai sauƙi. Daga inda ƙwallo take barin yatsu zuwa faranti akwai kimanin mita 17, kuma karkacewar digiri ɗaya tak a lokacin sakinta tana kawar da ita da kusan santimita 30 kafin ta isa. Rabin faɗin faranti bai kai santimita 22 ba, ma'ana ƙwallon da aka nufi tsakiya da ita tana iya fita waje saboda kuskuren da ido ba zai gani ba. Kuma hannu shi ne na ƙarshe a jerin gaɓoɓin da ke aikin. Jifa yana farawa daga ɗaga ƙafa, ya bi ta takun da aka yi gaba, da juyawar ƙugu, da juyawar kafaɗa, kafin ya iso gwiwar hannu da yatsu. Idan ƙafar gaba ta sauka tazarar tafin hannu daga inda ta saba, ko kafaɗa ta buɗe kafin lokacinta, hannu zai makara, ƙwallon kuma ta tashi sama ta gefen hannun da ya jefa ta. Shi ya sa dogayen samari sukan daɗe ba su sami saiti ba. Randy Johnson, mai tsawon ƙafa 6 da inci 10, ya yi suna da bauɗiya tun yana Jami'ar Kudancin Kalifoniya, kuma bayan ya zama ƙwararre ya fi kowa bayar da kyauta a rukuninsa shekara uku a jere, daga 1990 zuwa 1992. Gyaran da ya taimake shi, bisa shawarar shahararren mai jifa Nolan Ryan da mai horarwa Tom House, ya shafi ƙafa ne: ya daina sauka a kan dunduniya, ya koma sauka a kan gaban tafin ƙafa.

A jami'a matsalar tana da nata dalilan. Ana ɗaukar yaro daga sakandare ne galibi saboda abin da na'urar auna gudu ta nuna, domin gudu abu ne da ake gani a lamba nan take, kuma masu farautar 'yan wasa na ƙungiyoyin ƙwararru shi suke fara tambaya. Yaron da yake jefa ƙwallo da gudun mil 90 a awa ɗaya, kimanin kilomita 145, bai taɓa buƙatar saiti a garinsu ba, tun da tsaransa suna kai duka ga duk abin da ya jefo. A jami'a sai ya tarar da masu bugu masu haƙuri, waɗanda za su tsaya ƙyam su bar shi ya hallaka kansa. Ga kuma kulkin ƙarfe da ake amfani da shi a wasan jami'a tun 1974, wanda ke sa matashi jin tsoron tsakiyar faranti, ya riƙa lallaɓa gefe-gefe har ya fita waje. Kakar wasa ta manyan jami'o'i tana farawa a tsakiyar Fabrairu, lokacin da jihohin arewa suke cikin sanyi mai tsanani, kuma yatsun da suka sandare ba sa jin ɗinkin ƙwallo yadda ya kamata.

Asarar kuma ba ta tsaya kan mai jifa shi kaɗai ba. Ƙungiya tana iya buga wasa har 56 kafin a shiga gasar da ke ƙarewa a Omaha ta jihar Nebraska, kuma tsarin mako shi ne wasa uku da abokan hamayya ɗaya, Juma'a da Asabar da Lahadi, sannan wani a tsakiyar mako. Ana so wanda ya fara wasa ya kai zagaye shida ko bakwai da jifa kimanin ɗari. Idan yana bayar da kyauta, jifa ɗarin nan sai ya ƙare a zagaye na huɗu, a kira masu karɓa tun ranar Juma'a, zuwa Lahadi kuma a rasa hannun da bai gaji ba, a tura ɗan aji ɗaya wanda bai shirya ba.

Yadda abin yake faruwa a fili yana da ban tausayi. An riga an ba mutum biyu kyauta, na uku ya tsaya, bauɗiya ta kai uku ba a ci shi ko sau ɗaya ba. Mai cafewa ya nemi izinin alƙali, ya taka zuwa tudu, ya rufe bakinsa da safar hannu yana yi wa abokinsa magana, alhali ba shi da wani sabon abin faɗa, numfashi kawai yake sama masa. Mai jifa ya goge tafinsa a wando, ya taɓa ɗan buhun garin ƙaro da ke bayan tudu, ya koma. Daga benci ana yi masa ihu cewa ya jefa ta ciki kawai. A ganina wannan ita ce shawara mafi rashin amfani a wasan, domin babu wanda ya fi shi son ta shiga, kuma da zarar ya fara ƙoƙarin ajiye ƙwallon da hannu maimakon ya sake ta, sai ya rage gudun dantsensa, jerin gaɓoɓin nan ya wargaje, bauɗiyar ta ƙaru. Idan tashoshi uku suka cika, kyauta ta gaba maki ce ga abokan hamayya.

Tarihin Sandy Koufax yana nuna cewa rashin saiti a jami'a ba hukuncin ƙarshe ba ne. A kakar 1954, wadda ita kaɗai ya buga wa Jami'ar Cincinnati, ya fitar da masu bugu 51 ta hanyar ci uku amma ya bayar da kyauta 30 a zagaye kimanin 32, kusan kyauta ɗaya a kowane zagaye. Ya shafe shekara shida a ƙungiyar Dodgers yana wannan fama, har zuwa atisayen share fage na 1961, inda mai cafe masa ƙwallo Norm Sherry ya ba shi shawarar ya rage ƙarfin da yake zubawa a kowane jifa. A shekarar ya fitar da mutum 269, a 1965 kuma 382 da kyauta 71 kacal. Shawarar Sherry ta bambanta da ihun benci, domin shi ya ce a sassauta jiki ne, jifan ya ci gaba da fita da cikakken motsinsa.

Akwai kuma nau'in da ba ya jin gyara, wanda ake kira cutar Steve Blass. Blass ya jefa wa Pittsburgh wasa na bakwai na gasar ƙarshe ta 1971 daga farko har ƙarshe, suka ɗauki kofi, ya ci wasa 19 a 1972, sannan a 1973 saiti ya ɓace masa ba tare da wani rauni ba, ya bayar da kyauta 84 a zagaye ƙasa da 90, kuma bai sake dawowa daidai ba. Rick Ankiel na St. Louis ya yi jifa biyar da suka kuɓuce wa mai cafewa a zagaye ɗaya a wasan share fagen kofi na 2000, daga baya ya bar tudu gaba ɗaya, ya dawo a 2007 a matsayin mai tsaron bayan fili. Saboda shaharar waɗannan labarai, 'yan kallo sukan yi saurin cewa matsalar ɗalibi a ƙwaƙwalwa take, kuma ina ganin gaggawa ce. Saitin da ya ɓace farat ɗaya ga wanda ya saba da shi sau da yawa alamar gajiya ce ko ciwon jijiyar gwiwar hannu, irin wadda Dakta Frank Jobe ya fara yi wa mai jifa Tommy John tiyatarta a 1974, kuma matashin da yake tsoron rasa gurbinsa ba ya saurin faɗin cewa hannunsa yana ciwo. Mai horarwa mai hankali yakan fara duba ko gudun ƙwallon ya ragu, ya tura yaron wurin likitan ƙungiya, ya kalli bidiyon jifansa a hankali, sannan a wurin atisaye ya duba sawun da ƙafar gaba take bari a kan tudu, ko rami ɗaya take faɗawa kowane jifa ko kuwa sawun ya warwatsu.