Waiwaye: Kanda Myojin da ɗan tawayen da mutanen Tokyo suka ƙi mantawa da shi

Kanda Myojin na cikin tsofaffin wuraren bautar addinin Shinto a Tokyo, babban birnin Japan. An kafa shi a shekarar 730, a wani ƙauye da ke inda unguwar Otemachi take a yau, tun garin bai zama gari ba. A 1616, lokacin da gidan Tokugawa, masu mulkin ƙasar a zamanin, ke faɗaɗa fadar Edo (tsohon sunan Tokyo), aka mayar da shi inda yake yanzu, dab da unguwar Akihabara. Girgizar ƙasar 1923 ta haddasa gobarar da ta cinye shi, aka sake gina shi da kankare da ƙarfe a 1934, shi ya sa ya tsallake ruwan bama-baman 1945.

Duk shekara biyu, a tsakiyar watan Mayu, ake babban bikinsa, Kanda Matsuri. Unguwanni 108 ne ke ƙarƙashinsa. Jama'a kan saɓa ƙananan ɗakunan bauta masu adon zinare a kafaɗa, suna rangaji da kirari, tituna su cika maƙil. Farkon Janairu kuwa ma'aikatan kamfanoni ne ke yin layi cikin baƙaƙen kwat, suna roƙon kasuwa ta buɗe. Har laya ake sayarwa ta kare kwamfuta.

Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne labarin Taira no Masakado, ɗaya daga ukun da ake bauta wa a nan. Jarumi ne da ya yi wa fadar sarkin Japan da ke Kyoto tawaye a 939, ya naɗa kansa sabon sarki, aka sare kansa a 940. A wurin fada mai laifi ne, a wurin talakawan gabashin Japan kuwa gwarzo ne da ya tsaya musu. Da annoba ta ɓarke kusa da inda aka ce an binne kan, aka ce fushinsa ne, sai aka shigar da shi cikin abin bauta a 1309 don a lallashe shi.

A 1874, da Sarkin Japan Meiji zai kawo ziyara, hukuma ta ce bai dace sarki ya rusuna wa ɗan tawaye ba, aka kawar da shi zuwa wani ƙaramin ɗaki a gefe. Mutanen gari ba su ji daɗi ba ko kaɗan, kuma ina ganin da gaskiyarsu, don ba a shawarce su ba. Shekara 110 ya yi a gefen, sai a 1984 aka mayar da shi babban ɗakin.