Tantancewa a bakin ƙofa: yadda ake kare saba daga cunkoso

Tantancewa a bakin ƙofa na nufin tsarin aikin kwamfuta ya zaɓi buƙatar da zai karɓa da wadda zai yar, tun kafin ta isa manhajar shafin. A tsarin Linux, kanel, wato zuciyar tsarin, ita ke wannan aikin, kamar mai gadin da ke mayar da mutum tun daga zaure.

Ɗauki shafin rajistar wata makaranta a Katsina a ranar ƙarshe ta biyan kuɗi. Kowace waya da ta nemi shafin tana fara aiko ɗan saƙo mai suna SYN, saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, ta amsa, wayar ta tabbatar, sannan haɗin ya shiga layi yana jiran manhajar shafin, kamar Nginx ko Apache, ta ɗauke shi. Idan masu shigowa suka fi ƙarfin sabar, sai ta fara wa kowa aiki ba ta gama wa kowa ba. Ɗalibi ya gaji ya sake loda shafin, aikin da aka yi masa ya tafi a banza, ga kuma sabuwar buƙata. Yar da SYN kuwa kusan kyauta ne, kuma na'urar da ta aiko za ta sake gwadawa da kanta, yawanci bayan daƙiƙa ɗaya.

Matakin farko shi ne awo. Umarnin ss -lnt yana nuna yawan masu jira a Recv-Q da iyakar layin a Send-Q. Idan lambar ListenOverflows da umarnin nstat ke nunawa tana hawa, layi ya cika. Iyakar tana ƙarƙashin saitin kanel mai suna net.core.somaxconn, wanda yake 128 a da, ya koma 4096 daga kanel 5.4, kodayake Nginx 511 yake nema in ba a canja masa ba. Da yawa sukan ɗaga lambar kawai su ce an gama. Hakan na taimakawa a cunkoson ɗan lokaci, amma in ya ɗore, tsawon jira kawai aka ƙara.

Sai a gwada sabar a ga haɗi nawa take iya gamawa a daƙiƙa. In 250 ne, a sa doka a nftables, manhajar tace saƙonni ta Linux, ta karɓi sababbi 200 a daƙiƙa, da rarar 50 don masu zuwa a tare, sauran a yar. Dokar da ke barin adireshin ma'aikata da na kamfanin da ke tabbatar da biyan kuɗi ta zo a sama, domin ana bin dokokin ne a jere. In aka juya su, mai kula da sabar ma zai iya rasa hanyar shiga.

A yi hattara da ƙayyade haɗi bisa adireshin IP, wato lambar da ake gane na'ura da ita a intanet. Kamfanonin waya kan tara masu amfani da yawa a bayan adireshi guda, haka ma shagon intanet da ke yi wa ɗalibai rajista, don haka iyaka mai tsauri za ta kori marasa laifi. Sannan kanel ba ta ganin wane shafi aka nema idan HTTPS, tsarin ɓoye bayanai, ya rufe saƙon. Mai son fifita shafin biyan kuɗi sai ya ware masa nasa adireshin IP, ko ya bar wa Nginx wannan rabon, ya riƙa amsa wa sauran da lambar 503, mai nufin sabar ba ta da sarari yanzu.