Kafin Ki Kai Tumbinki a Yanka: Magana da Masu Goyo Kan Tiyatar Rage Ƙiba

Ranar rigakafi ce, rumfa ta cika da kukan jarirai. Wata mai goyo ta jira har layi ya watse, sannan ta matso teburina ta miƙo mini wayarta. Hoton wata mata ne: a gefe ɗaya ta cika kujera, a ɗaya gefen kamar budurwa.

"Sista, don Allah wannan aikin nawa ake yin sa? Haihuwata huɗu, kowace sai ta bar mini nata kason. Atamfofin da na ɗinka duk na rabar, ba wadda ke shiga ta."

Na leƙa bayanta, goyon bai wuce wata biyar ba. Na ce, "Maman yaro, ajiye wayar ki hau sikeli tukuna."

Tambayar nan ta yawaita. A da mace kan nemi abin da zai sa ta yi jiki, yanzu kuma an fara neman wanda zai yanke shi. Tiyatar rage ƙiba magani ce ta gaske, ba na ƙyamarta, ta fitar da mutane da yawa daga ciwon suga da hawan jini. Amma magani ce ta cuta, tana da waɗanda ta dace da su, tana kuma da lokacinta. Mai ɗanyen goyo, wadda ba ta ma yanke shawarar ko ta gama haihuwa ba, ita ce ya kamata ta fi kowa tafiya a hankali.

Ƙarin nauyi a lokacin ciki ba laifi ba ne. Macen da ta ɗauki ciki da matsakaicin jiki ana sa ran ta ƙara kilo 11 zuwa 16, wadda take da ƙiba tun farko kuwa kilo 5 zuwa 9. Ranar haihuwa kilo 5 ko 6 kan tafi tare da jariri da mabiyiya da ruwa. Sauran sai a hankali, wata shida zuwa shekara. To a nan jego irin namu yake shigowa: kwana arba'in ana zaune a ɗaki, ga kunu da suga safe da yamma, ga gasasshen nama, ga farfesu, kowace gwaggo ta zo sai ta ce, "Ci mana, ai ba ke kaɗai kike ci ba." Gaskiya ne mai shayarwa tana bukatar ƙarin abinci, amma bai kai yadda ake ɗura mata ba. Idan kuma kwanika ta biyo baya, sabon ciki ya hau kan tsohon nauyi, haka ake tarawa haihuwa bayan haihuwa.

Akwai abin da nake fara dubawa kafin komai, domin shi ne mai kisa. Ba kowane nauyi ne kitse ba. Idan bayan haihuwa ƙafafunki sun kumbura, kika danna da yatsa ya lotsa, kina haki daga ɗaki zuwa madafa, ba ki iya kwanciya sai kin tara matasai, ga tari da dare, wannan ruwa ne, kuma yana iya zama ciwon zuciya na masu jego. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yadda wannan ciwo ya yawaita a ƙasar Hausa, suka kuma danganta shi da yawan kunun kanwa da wankan ruwa mai tsananin zafi. Mai irin waɗannan alamu asibiti za ta tafi a ranar, ba maganar rage jiki ake yi ba.

Sai a duba wasu dalilan. Ƙwayar da ke maƙogwaro, wadda idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo, takan yi sanyin aiki bayan haihuwa, mace ta riƙa ƙiba da kasala da jin sanyi, gwajin jini ke nuna shi kuma ƙwayar magani ke gyara shi. Allurar tazarar haihuwa ta wata uku tana sa wasu ƙiba. Damuwar bayan haihuwa da rashin barci suna sa ci ba ƙaƙƙautawa. Kuma sai na tambaya, ko da za a ji kunya: kin taɓa shan "sha ka fashe"? Yawancin irin waɗannan haɗe-haɗen suna ɗauke da maganin da ke kumbura fuska da ciki, ya jawo suga da hawan jini.

Wasu kuma ba ƙiba ke damun su ba, teɓa ce. Naman gaban ciki ya buɗe saboda juna biyu, fata ta saki. Tiyatar rage ƙiba ba ta gyara wannan, sau da yawa ma fatar ƙara zubowa take bayan an rame.

Wa tiyatar ta dace da ita? Likitoci suna amfani da ma'aunin BMI: a raba nauyi na kilo da tsawo na mita sau kansa. Macen da tsawonta mita 1.6 ne, idan tana da kilo 77 ma'auninta 30, kilo 90 ya kai ta 35, kilo 102 kuma kusan 40. Tsohuwar ƙa'ida ta 1991 ta ce sai mai 40, ko mai 35 da ke fama da cuta irin suga, hawan jini ko ɗaukewar numfashi a barci. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauto: daga 35 zuwa sama ko babu wata cuta, kuma ana iya duba mai 30 zuwa 35 idan tana da ciwon suga ko wasu hanyoyin sun gaza.

Aikin iri biyu ne suka fi yawa, duka ta ƙananan huji a ciki ake yin su. Na farko, wanda ake kira silib, a yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a fitar, a bar siriri kamar ayaba. Abin da aka cire ba ya dawowa. Na biyu, baifas, a keɓe ɗan aljihu kamar ƙwai a saman tumbi a haɗa shi da hanji can gaba, abinci ya tsallake wani sashe. Mutum kan zubar da kusan rubu'i zuwa sulusin nauyinsa cikin shekara ɗaya zuwa biyu, wasu kuma wani abu ya dawo daga baya.

Abin da hoton waya ba ya nunawa shi ne rayuwar bayan aikin. Makonnin farko ruwa-ruwa kawai, sai dame-dame, sai abinci mai laushi. Malmalar tuwon da kike tashi da ita, loma kaɗan za ki yi ki ƙoshi. Ba a haɗa ci da shan ruwa, lemon kwalba an yi sallama da shi. Mai baifas idan ta sha fura ko kunu mai suga sosai, sai jiri da gumi da bugun zuciya da gudawa. Silib yakan tsananta ƙwannafi. Gashi kan zube a watannin farko, tsakuwa na iya fitowa a matsarmama saboda saurin rama. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, da muke saye a kemis kamar gyaɗa, suna iya huda gyambo a wurin ɗinki. Azumin Ramadan na farko bayan aikin sai da shawarar likita. Sannan ga ƙwayoyin ƙarin jini da bitamin B12 da folik asid da kalsiyam, ba na wata uku ba, na tsawon rai, tare da gwajin jini lokaci-lokaci. A wurin da mata da yawa ke zuwa awo da ƙarancin jini tun ba a taɓa tumbinsu ba, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ki yi lissafin kuɗin ƙwayoyin nan na shekara ashirin, ba na tiyatar kaɗai ba.

Yanzu ga inda na fi so ki saurara, tare da maigida. Bayan aikin ana so a jinkirta ɗaukar ciki aƙalla wata 12 zuwa 18, wasu likitocin su ce har shekara biyu, domin a lokacin jiki yana zuba, ɗan tayi ba zai samu abin da yake bukata ba. Ga kuma abin mamaki: da zarar an fara rama, haihuwa takan buɗe, har ga wadda al'adarta ke wasa a da. Ƙwayar tazara ta haɗiya ba abin dogaro ba ce bayan baifas, tun da hanji ba ya tsotse ta yadda ya kamata, ashana ta hannu ko robar mahaifa sun fi. Idan maigida ko uwar miji ba za su lamunci wannan tazara ba, gara a san haka kafin a shiga ɗakin tiyata.

Cikin da aka ɗauka a kan lokaci yana da ribarsa. Wani babban bincike na ƙasar Siwidin da aka wallafa a 2015 ya nuna raguwar ciwon suga na masu ciki da raguwar haihuwar jarirai masu girman da ya wuce kima, amma an samu ƙarin jarirai 'yan ƙanana. Don haka ranar awon farko ki faɗa wa ungozoma an yi miki wannan aiki. Ruwan sugan da ake ba masu ciki don gwaji ba ya yi wa mai baifas daɗi, akwai wata hanyar. Ciwon ciki mai tsanani da amai kuwa kada a ce laulayi ne, hanji na iya sarƙewa.

Mai shayarwa ta bari ta yaye kafin a yi mata tiyatar. Haka nan alluran rage ƙiba irin Ozempic da Wegovy ba na mai ciki ko mai shayarwa ba ne, ana dakatar da su wata biyu kafin neman ciki, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabunsu. Shayin rage tumbi na intanet yawanci gudawa yake sawa, ruwan jiki ya tafi, kitse na nan.

Masu shirin tafiya Turkiyya ko Masar ko Indiya, ku tambayi kanku: idan ɗinki ya yi yoyo bayan an dawo gida, zazzaɓi da bugun zuciya suka taso cikin dare, wane likita zai karɓe ku? A samo shi kafin a sayi tikiti, a dawo da takardar da ta bayyana irin aikin da aka yi.

Ita maman yaron, sikeli ya nuna kilo 84, ma'auninta bai kai 33 ba, jininta bai hau ba, ƙafa ba kumburi. Na rubuta mata gwajin suga da na maƙogwaro, muka yi yarjejeniya: kunu ba suga, tuwo rabin malmala da miya mai ganye da yawa, tattaki na rabin awa bayan la'asar da goyonta a baya. Da za ta tashi ta rage murya ta ce, "Sista, shi ne fa yake cewa na zama buhu." Na ce ranar allurar wata tara ta zo mini da maigidan.