Mene ne "s.v." da ake gani a madogara?

Ɗalibi na karanta wani kundin digiri, sai ya ci karo da madogara a ƙasan shafi kamar haka: Bargery 1934, s.v. "kunya". Bargery shi ne marubucin wani ƙamus na Hausa da Turanci. Babu lambar shafi. Da yawa sukan ɗauka mantuwa marubucin ya yi.

Haruffan nan biyu taƙaitawa ce ta kalmomin Latin sub verbo, wato "ƙarƙashin kalmar". Marubucin yana cewa: ɗauko ƙamus ɗin, ka bi jerin haruffa har ka isa kan "kunya", a nan na samo zancena. Idan kalmomin sun wuce ɗaya, sai a rubuta s.vv. Hikimar a fili take. Ƙamus da insakulofidiya an jera su ne bisa haruffa, kuma lambar shafi tana sauyawa daga bugu zuwa bugu, kalmar kuwa tana nan inda take.

Wanda ya yi karatun Larabci ba baƙonsa ba ne wannan. Malamai kan ce a duba ƙamus ɗin Lisanul Arab na Ibn Manzur, "madda" kaza, wato ƙarƙashin tushe kaza, su kawo tushen kalmar. Mai neman "kitab" zai nufi k-t-b, a babin harafin ba, domin littafin da harafin ƙarshe na tushe yake jera kalmominsa. Aikin da "madda" take yi shi ne "s.v." yake yi.

Cikin salon rubuta madogara, a da salon Chicago ne ya fi riƙe da wannan alama. Salon APA, wanda sassa da dama a jami'o'inmu suke bi, ba ya amfani da ita: a manazarta ake rubuta kalmar da aka duba a matsayin take, sannan sunan ƙamus ɗin.

Inda na fi ganin ana tafka kuskure shi ne insakulofidiya. Yawancin manyansu, kowane bayani da marubucinsa, sunansa na nan a ƙarshen bayanin da ƙananan haruffa. Shi ya kamata a fara ambata, kafin editan da sunansa ke kan bango. Haƙƙinsa ne, gumin goshinsa ne.

A kuma faɗi wane bugu aka duba. Misali, ƙamus ɗin Hausa na Abraham ya fito a 1949, aka sake buga shi a 1962. Idan kuwa a intanet aka duba, inda ake gyara bayani kullum, sai a sa ranar da aka karanta shi, don mai bin sawu ya san wane rubutu aka gani.