Kwalejin Rawa ta NAISDA

NAISDA kwaleji ce da ke horar da matasa ƴan asalin Ostareliya, wato Aborijin da mutanen tsibiran Tores, a fannin rawa da wasan dandamali. Mazauninta yana Kariong, arewa da birnin Sidni a jihar New South Wales, bayan shekaru masu yawa da ta yi a unguwar Glebe. Gwamnatin tarayya ce ke ɗaukar mafi yawan nauyinta.

Tushenta yana komawa ga Carole Johnson, baƙar fatar Amurka mai sana'ar rawa, wadda ta je Ostareliya a 1972 tare da ƙungiyar Eleo Pomare, ta zauna tana koyarwa a unguwar Redfern ta Sidni. A 1975 aka buɗe kwas na dindindin, a 1976 kuma ɗaliban suka fara fita wasa a matsayin ƙungiya. Daga nan ne ƙungiyar rawa ta Bangarra ta samo asali a 1989. Stephen Page, wanda ya jagorance ta daga 1991 zuwa 2022, da Frances Rings da ta gaje shi, duk a NAISDA suka yi karatu.

Ana shiga ne ta gwajin rawa. Karatun hawa huɗu ne: satifiket biyu, difloma, sai babbar difloma. Ana koyar da bale, wato rawar dandamali ta Turai, da rawar zamani ciki har da salon Horton na Amurka, da kiɗa, da ilimin gaɓoɓin jiki.

Inda kwalejin ta sha bamban da sauran makarantu shi ne rawar gargajiya, domin kowace rawa tana da masu ita. A wurin Yolngu, wato Aborijin na arewa maso gabashin yankin Arnhem Land da ke arewacin Ostareliya, mutane da ƙasa da waƙoƙi duk sun kasu gida biyu, Dhuwa da Yirritja, kuma kowane dangi yana da waƙarsa da zanen jikinsa. Saboda haka malamin aji ba ya da hurumin koyar da su. Dattawa da mawaƙa ne ke zuwa kwalejin su koyar, daga baya ɗalibai su tafi garinsu, su zauna da jama'a, su yi rawar a kan ƙasar da waƙar ke ambata. Ana juya tafiyar tsakanin garuruwan Aborijin da tsibiran Tores. Abin da aka yarda a nuna wa baƙi kaɗai ake koyarwa. Raye-rayen asiri ba sa fita.

Jikin ɗalibi ma yana shan wuya a nan. Bale yana son a miƙe, a ɗage nauyi sama. Rawar Yolngu kuwa ƙafa ba takalmi, gwiwa a lanƙwashe, nauyi a ƙasa, ana dukan turɓaya. Mai rawa yana bin sandunan da mawaƙi ke kaɗawa ne, su ke gaya masa inda zai tsaya, shi ya sa wanda ya haddace taku daga bidiyo yakan ɓace da zarar mawaƙi ya ja baiti ko ya gajarta shi. A tsibiran Tores ana rawa a jere, taku ɗaya, da gangar warup da kacau-kacau na kulap; mutum ɗaya ya makara, kowa ya gani.

Cikas ɗin da aka fi samu ba na fasaha ba ne. Idan aka yi rasuwa a gari, zaman makoki kan ɗauki makonni, malami ba zai baro gida ba, kuma ana daina ambaton sunan mamacin na wani lokaci. Damina tana rufe hanyoyin Arnhem Land. Izinin da aka bayar don aji ba ya nufin izinin ɗauka a fim ko hawa dandamali. Wannan sai an sake komawa wurin masu rawar an nema.